Tulu Goma da Tsakuwa Bakwai

Litinin, 7 ga watan huɗu, da hantsi

Ɗiyata Karima ta ba ni wanga kaye, littafin rubutu, tun bara, wai in riƙa rubuta ciwon ƙafata saboda likita. Ƙafata ba ta da labari. Ga abin da ke son rubutu: dubu goma da bakwai.

Itatuwan da ke tsaye bisa Fakon Kura ke nan. Ni Barmo ni ke gadinsu, shekara talatin da takwas. Ban shiga lakkwal ba, makarantar boko ke nan. Wata uku na yi a yaƙi da jahilci zamanin furoje, aikin dashen itatuwa, wanda rubutuna bai gamshe shi ba ya rufe.

Kowane icce yana da tsakuwarsa a ɗakina. Ba ya samun tsakuwa sai ya fi ƙarfin bakin akuya. In ya mutu ko aka sare shi har ƙasa, in cire. Tulu goma, kowane da dubu cif, sai bakwai a gwangwanin tumatir.

Jiya mai gari Surajo ya tara mutane, wai a raba fakon ga gidaje bakwai da suka kafa garin. Kowa ya san dalili. Wani mai kamiyo, babbar motar kaya, daga Madawa ya zo sau biyu yana kallon itatuwan kamar mahauci a kasuwar dabbobi. Wanda ya samu rabonsa, gatari.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ka tuna rantsuwa?"

Ya ce, "Baba Barmo, an tuna."

Bai tuna ba, yana tsumman goyo lokacin. Shekarar da aka dasa fakon, gidaje biyu sun yi faɗa kan gawo guda har aka fasa kan mutum. Shi ya sa dattawa suka dafa Alƙur'ani: ba a raba itatuwan nan, ko tsakanin gidaje ko cikin gida ɗaya, sai rabo ya faɗi daidai, ko icce ɗaya bai rage ba. Cikin waɗanda suka dafa, ni kaɗai na saura.

Talata, 8, bayan azahar

Na raba su bakwai. Ba sai na zube duka ba. Na juye tulu ɗaya a masussuka, na yi tsibi bakwai: kowane ɗari da arba'in da biyu, saura shida. Tulu goma, saura sittin ke nan. Da na gwangwani, sittin da bakwai. Kowa ya ƙara tara. Saura huɗu.

Saura huɗu!

Na yi dariya ni kaɗai har jakin maƙwabta ya tsaya yana kallona.

Alhamis, 10, da la'asar

Na kai wa Surajo labari a ƙofar gidansa. Ya ce tsufa ne, ƙidayata ta ruɓe. Ya sa kowane gida ya hau fako da farar ƙasa su ƙidaya da kansu.

Wancan ɗan nawa ma yana cikinsu, da babur ɗinsa. Ya wuce ni bai rage gudu ba.

Lahadi, 13, da hantsi

Kwana uku suna hawa da sauka. Gida ɗaya ya samu dubu tara da ɗari takwas. Wani ya samu dubu goma sha ɗaya, don har sabara suka shafa wa fari. Wasu sun ƙidaya layi guda sau biyu suka kusa dambe. Liman ya ce su daina wahala, rantsuwar ta ambaci ƙidayar mai gadi, ba ta kowa ba. Tulu shi ne shaida.

Yau sun san inda ɗakina yake. Shekara talatin da takwas ba wanda ya taɓa tambayata ko na karya kumallo kafin in hau dutse. Lokacin da raƙuma suka shiga fako da rani, ni kaɗai na kore su da ƙafa mai kumburi. Lokacin gobara, ni da zanen Mairamu muka kashe ta.

Mairamu matata. Ita ta ɗauki duwatsun jeren farko a ka, ita da matan gari, maza duk sun tafi cin rani. Yau maza ke rabo. Ba a ambaci mace ko ɗaya ba a taron.

Laraba, 16, da safe

Surajo ya sake dabara. Tunda bakwai ta ƙi, a raba ga unguwa uku. Kowane tulu ya bar ɗaya, goma ke nan, da bakwai, sha bakwai. Saura biyu.

Ya ce to a raba ga magidanta arba'in da ɗaya. Wannan ta ci min yini. Saura uku.

Ya ce, "Baba Barmo, kai ka ke yi da gangan?"

Na ce, "Ni na haifi lissafi? Zo ka zauna ga tsakuwa, ba ta cizo."

Bai zauna ba. Rigarsa sabuwa ce.

Asabar, 19, bayan la'asar

Karima ta zo daga Buza, inda ta ke koyar da lissafi a koleji. Ta iske ni a masussuka, gwiwoyina sun yi fari.

Ta ce, "Baba, mi ka ke yi haka?"

Na ce, "Na gwada biyu har sha tara, duk sun ƙi. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya har dubu goma in Allah ya ba ni kwana."

Ta zauna ta cire takalmi. Ta ce ba sai na kai can ba. In ana iya jera tsakuwan nan layi-layi daidai, to ko yawan layukan ko tsawon layin, ɗayansu bai wuce ɗari ba, don ɗari da ɗaya sau ɗari da ɗaya ya zarce abin da ke tuluna. Kuma wanda ya gwada biyu ta ƙi, ba ya buƙatar huɗu ko shida ko takwas. Wanda ya gwada uku, ya huta da tara. Ta rubuta a ƙasa da tsinke waɗanda suka rage, guda ashirin da biyar ne kacal, daga biyu har casa'in da bakwai. Ta bi su da salularta. Ko ɗaya bai shiga ba.

Ta ɗago kai ta ce, "Baba, lambarka ba ta rabuwa. Sai dai mutum ɗaya ya riƙe duka, ko mutum dubu goma da bakwai kowa ya ɗauki icce guda."

Na ce, "Garinmu da jarirai da awaki bai kai haka ba."

Ta faɗi sunan irin wagga lamba da faransanci, wani abu mai "firamiye" a ƙarshe. Na ce ta bar wa ƴan lakkwal. Ni gagararriya na sa mata.

Ashe lambobi ma kamar mutane su ke. Akwai masu laushi, irin sha biyu da sittin, kowa ya zo ya yanki rabonsa su ce to. Surajo sittin ne. Akwai gagararru: bakwai, sha ɗaya, sha uku. Karima ta ce suna ƙara wuya in aka yi sama, amma ba su ƙarewa har abada. Wannan ta yi min daɗi.

Lahadi, 20, da hantsi

Kafin ta koma na sa ta gaya min asalin tawa, kamar yadda ake tambayar asalin doki.

Ta ce daga dubu goma zuwa sama, ita ce gagararriya ta farko. Ƙasa da ita akwai dubu da ɗari biyu da ashirin da tara.

Ta ce tana da ƴar tagwai: dubu goma da tara. Taki biyu tsakaninsu, ita ma ba ta rabuwa.

Ta ce kuma in aka cire mata ɗaya aka raba biyu, dubu biyar da uku ke fitowa, ita ma gagararriya ce. Wai masana na girmama irin wannan, suna kulle sirri da su. Ni abin da na ji shi ne: ko icce ɗaya ya mutu yau, bakwai ba ta shiga, uku ba ta shiga, arba'in da ɗaya ba ta shiga.

Na ce, "To in huɗu suka mutu?"

Ta ɗaura kallabi. Sai ta ce, "Kada ka faɗi wannan gaban Yaya Rilwanu."

Na ce ban san wani mai wannan suna ba.

Ta ce, "Baba, ɗanka ne na fari. Kunya ce ke hana ka kiran sunansa ko fushi?"

Na ce mota za ta bar ta.

Talata, 22, da safe

Dubu goma da bakwai. Suna nan.

Laraba, 23, bayan azahar

Ba sai an gaya wa kowa ba. Ni da bakina na ce "saura huɗu" a ƙofar mai gari, gaban mutum ashirin. Na ji daɗin faɗinta kuwa.

Wancan ya aiko matarsa da tuwo. Wata biyar bai aiko ba. Na ci, don tuwon bai yi min laifi ba.

Jumma'a, 25, bayan masallaci

Wancan ya tare ni a hanya. Ya ce, "Baba, kowa na zaginmu saboda kai. Dakwara ba ta ba da ƙaro kamar da. Yara na son tafiya, ba abin da zai riƙe su. Icce dai icce ne."

Na ce, "Kafin iccen nan, in aka yi ruwa bisa fako, gonar wa ya ke ci?"

Ya ce, "Wancan zamani ne."

Na ce, "Ruwan bai san an canza zamani ba."

Bai gani ba, shi ya sa. Ni na ga shekarar da ruwa ya sauko daga fako ya tafi da gero da ƙasar da ke ƙarƙashin geron, ya bar mana dutse. Na ga kwazazzabo ya ci rabin maƙabarta.

Lahadi, 27, da sassafe

Suna nan.

Litinin, 28, da hantsi

Dakwara uku a bakin hanya. Da bagaruwar kan kwazazzabo.

An sare su har ƙasa. Ba a ma ɗauki iccen ba, an bar su kwance.

Sawun babur. Tayar baya tana da faci, na san facin.

Litinin, gab da magariba

Ban ci komi ba. Ba don wani abu ba, zafi ne.

Talata, 29, bayan azahar

Ɗan gandun daji ya zo daga Keita da takardarsa. Ya ce wa ya sare. Na ce ni itatuwa na ke ƙidaya, ba mutane ba. Ya ce dattijo, ba ka taimake mu ba. Na ce shekara talatin da takwas ina taimakonku, yau ina hutu.

Bagaruwar nan ba ta fi sauran ba. Girma ne da ita kawai, ga ta kusa da hanya. Wanda ke sauri ita zai fara gani.

Ba zan rubuta komi kanta ba.

Laraba, 30, da la'asar

Karima ta kira salular maƙwabcina. Ta ji labari. Ta ce, "Baba, kututture na tohowa. Ka ce ba su mutu ba. Ba wanda ya san ƙa'idar tulun sai kai."

Gaskiyarta. In na ce kututture icce ne, wa zai musa? Liman ya riga ya ce tulu shi ne shaida.

Na zauna da gwangwani a cinya har inuwa ta juya. Shekarar da makiyaya suka sare sha ɗaya, ran nan na cire sha ɗaya. Da tsawa ta kada gawo, na cire. Ban taɓa jiran toho ba. In na canza yau don ta yi min daɗi, to tulu goman nan duwatsu ne kawai, ni kuma tsoho ne mai tara duwatsu, yadda su ke faɗi a majalisa.

Na cire huɗu. Uku na jefar bayan danga. Ɗaya fara ce mai jan zane, ita ce ta fara shiga tulu tun ba tulu, daga baya na mai da ta gwangwani don in riƙa ganinta. Ita na sa aljihu.

Dubu goma da uku.

Jumma'a, 2 ga watan biyar, bayan masallaci

An taru. Surajo ya ce, "Baba Barmo, nawa ne a tulu?"

Suna jiran in yi ƙarya su kama ni, ko in yi kuka su tausaya min. Na miƙe ba sanda. Na ce dubu goma da uku. Na ce ta rabu bakwai, kowane gida dubu da ɗari huɗu da ashirin da tara, ba saura. Na ce rantsuwa ta cika, amma wanda ya cika ta da gatari ya san kansa, kuma Wanda aka rantse da littafinsa ya san shi.

Ba wanda ya yi tafi. Wasu ƙasa su ke kallo.

Na ce abu ɗaya na ke so: rabon gidana ya zama gefen kwazazzabo. Suka ba ni da sauri, don kamiyo ba ya shiga can da daɗi.

Sun ci. Na rubuta da hannuna don kada a ce na ɓoye. Sun ci, amma ba da lissafi suka ci ni ba.

Asabar, 3, da la'asar

Karima ta zo, ta share min ɗaki. Na ware tsakuwan gidanmu: tulu ɗaya da abin da bai kai rabin wani ba. Don kada mu zauna shiru na ce ta gwada min wannan.

Ta danna. Ta sake dannawa. Ta ce wannan karon har talatin da bakwai kawai za a bi. Da ta kai ƙarshe sai ta rufe baki da hannu.

Ta ce, "Baba, ita ma."

Na ce, "Ita ma mi?"

Ta ce, "Gagararriya ce."

Ashe uwar ta karye ta bar ƴaƴa bakwai, kowace da halinta.

Lahadi, 4, da hantsi

Wancan ya zo da sallama mai kyau. Ya durƙusa. Ya ce tunda rabon gida ya fito, a raba biyu, shi da ni.

Na ce rantsuwar ta shafi cikin gida. Na zube tsakuwa. Ɗari bakwai da sha huɗu, ɗari bakwai da sha huɗu. Saura ɗaya.

Ya ce to a sa Karima, mu uku.

Karima ta ce, "Sannu Yaya, yau na zama mutum?"

Saura ɗaya.

Ya ce a sa ƙaninsu da ke Abijan, mu huɗu. Saura ɗaya. Ya share gumi, ya tsura wa tsakuwar ido kamar ta zage shi.

Na shiga ɗaki na ɗauko gatarina na aje gabansa. Na ce, "Ɗaya ce ta rage maka. Ka san hanya. Wannan karon da rana za ka je, ina biye da kai, in ga wanda za ka zaɓa."

Bai motsa ba.

Na fiddo farar tsakuwar na sa a tafin hannunsa. Na ce, "Wannan ta bagaruwar kan kwazazzabo ce. Ita aka fara dasawa a fakon nan. Uwarka ta haƙa ramin da guntun galma, kana goye a bayanta kana ihu. Ruwan da ta ɗauko don sha, rabi ta ba ka, rabi ta ba ta. Har ta bar duniya ƙanwarka ta ke kiran bagaruwar nan."

Ya ce, "Ban sani ba."

Na ce, "Ba ka tambaya ba, Rilwanu."

Tun ranar sunansa bakina bai taɓa furta shi ba. Karima ta fita waje. Shi ma ya tashi ya fita. Gatarin na nan inda na aje. Tsakuwar ce ban gani ba.

Laraba, 7, bayan azahar

Kamiyo ya fara da gefen gabas. Tun safe na ke jin faɗuwarsu. Ban je ba. Tulunan sauran gidaje na kai musu ƙofar mai gari, kowa ya yi gadin nasa.

Gidaje biyu sun ce su sai bayan damina za su yanke shawara. Ban roƙe su ba, ba kuma zan gode musu ba.

Jumma'a, 9, da sassafe

Dubu da ɗari huɗu da ashirin da tara. Suna nan.

Litinin, 12, da hantsi

Na hau kan kwazazzabo. An kewaye kututturen bagaruwa da ƙaya, kewaye mai kyau, irin wanda na koya wa wani yana yaro. Ƙasar gindin da danshi. Ga sawun jarka, ga sawun taya mai faci.

Na zauna na yi lissafi. In ta toho ta fi ƙarfin bakin akuya, dole ta koma tulu. Dubu da ɗari huɗu da talatin ke nan. Wannan mai laushi ce, tana rabuwa biyu ba saura.

Ban sani ba ko uwarsa ya tuna ko lissafi ya iya.

Ko wanne ne, shekara uku ce aƙalla, rani uku yana hawan dutsen nan da jarka. In ya kai, zan ba shi ɗari bakwai da sha biyar da hannuna, in ɗora masa gatari a kai, in tsaya in gani.

Wajen yamma ƙayar ta yi sako-sako, ɗan akuya zai iya shiga. Na toshe.